A Riƙa Auna Gudu Da Tsallen Yara Kamar Yadda Ake Auna Karatunsu

Duk ƙarshen zango yaro yakan komo gida da takardar sakamako, uba ya duba makin Lissafi da na Turanci, ya yi murna ko ya yi faɗa. Amma da wuya a sami uban da zai tambaya ko ɗansa ɗan shekara 7 ya iya tsalle da ƙafa ɗaya, ko ya iya cafe ƙwallo in an jefo masa. Ga alama jama'a sun ɗauka waɗannan abubuwa da kansu suke zuwa, kamar fitowar haƙori. Wannan kuskure ne, kuma a Maiduguri kuskuren yana da tsada.

Tun 1977 Manufar Ilmi ta Ƙasa ta shimfiɗa cewa a riƙa auna ci gaban yaro a kai a kai, ba sai ranar jarrabawa ba, awon kuwa ya haɗa da abin da yaro ya iya yi da gaɓoɓinsa. Watau ba sabuwar doka ake nema ba, cika alkawari ake nema.

Dalilin da ya sa maganar ta fi ƙarfi a Jihar Barno ba ɓoyayye ba ne. Tun daga 2009 rikici ya raba jama'a da garuruwansu, yara masu ɗimbin yawa suka tashi a sansanonin gudun hijira irin na Bakasi, wanda aka rufe a 2021, inda babu wadatar abinci balle filin wasa. Har wa yau, a Jere da Gwoza da Monguno aka ga ƙarshen cutar shan inna ta asali a Nijeriya a 1916+100, watau 2016, kafin a tabbatar da kuɓutar Afirka daga gare ta a 2020. Yaron da yunwa ko ciwo ya taɓa yana ƙarami, sau da yawa a tafiyarsa da gudunsa ake fara ganewa. In malami bai duba ba, wa zai duba?

Aikin kuwa ba mai wuya ba ne. Akwai wani ma'auni da wani malamin Amurka mai suna Dale Ulrich ya fitar a 1985 domin yara 'yan shekara 3 zuwa 10. Bugunsa na uku yana duba abubuwa 13: guda 6 na gudu da tsalle, guda 7 na jifa da cafewa da bugun ƙwallo. Ba wanda ya riga wani ake nema ba, yadda yaro ya yi ake kallo. In zai yi jifa da dama, ya taka da ƙafar hagu? In yana gudu, hannuwansa a tanƙware suke suna saɓawa da ƙafafu? Malami ya nuna, yaro ya gwada sau biyu, a rubuta.

Wasu za su ce azuzuwa sun cika maƙil, ba kayan wasa, ga zafin Afrilu da kan wuce digiri 40. Gaskiya ne. Amma da sanyin safiya, ƙarƙashin inuwar dalbejiya, ƙwallo ɗaya da alli da igiya sun wadatar. Langa ma da 'yar gala-gala ma'auni ne ga mai ido: wanda ya kasa tsayawa da ƙafa ɗaya nan take zai bayyana.

Sai dai a kiyaye abu uku. Kada awon ya zama hanyar kunyata yaro gaban 'yan'uwansa, ko dalilin karɓar kuɗi daga iyaye. Kada a bar 'yan mata a baya. Malamai mata su auna su. Wanda aka ga yana da rauni kuma, a ƙara masa horo, in abin ya fi ƙarfin makaranta a tura shi asibiti.

Saboda haka ya kamata Ma'aikatar Ilmi da Hukumar Ilmin Bai Ɗaya ta jiha su nemi Jami'ar Maiduguri da Kwalejin Ilmi ta Kashim Ibrahim su tsara taƙaitacciyar takardar awo da Hausa da Barbarci, a horar da malaman firamare, a buɗe wa sakamakon gurbi a takardar ƙarshen zango. 'Yan majalisa kuma su tsaya a ware masa kuɗi a kasafi. Ɗan talaka ba shi da likitan gida. Malaminsa ne idonsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.