Damargu: Ciwon gaɓɓan da ke cin ƙashi kafin a gane shi

Tun ranar 1 ga Satumban 2024 gwamnatin Nijar ta rage kuɗin jinya da rabi a asibitocinta. Talaka ya ji sauƙi, babu shakka. Sai dai akwai cututtukan da babbar matsalarsu jinkiri ce, kuma amosanin gaɓɓai mai biyo bayan cutar fata ta soriyasis na cikinsu.

Soriyasis kan fito kamar kirci, da ɓawo fari-fari a kan fata mai duhu, galibi a gwiwa, gwiwar hannu da fatar kai. Ba a ɗaukarta daga wani. Garkuwar jiki ce ke juyowa kan mai ita, kuma kusan mutum 3 cikin 10 masu ita kan gamu da kumburin gaɓɓai: yatsa ya kumbura gaba ɗayansa, dunduniya ta hana taka ƙasa, farce ya yi ramuka, da safe jiki ya sandare fiye da rabin awa.

Inda gizo ke saƙar shi ne, zafin ciwo ba shi ke nuna tsananin cutar ba. Bincike a ƙasar Ayalan ya gano cewa kusan rabin marasa lafiyar sun riga sun samu zaizayar ƙashi cikin shekara 2, kuma jinkirin wata 6 kacal kafin ganin ƙwararre na ƙara ɓarnar. Gaɓar da ta lalace ba ta dawowa. Idan abin ya yi tsanani yatsu na gajarcewa, a ƙauye kuwa sai a fara raɗa cewa kuturta ce, a guji mutum a banza.

A gundumomin Tanut da Belbeji, inda hauya, guga da tatsar nono ke ciyar da gida, hannun da ya lanƙwashe rumbu ne ya ragu. Daga Tanut zuwa babban asibitin Damagaram kusan kilomita 150 ne, kuɗin mota kuwa bai shiga ragin gwamnati ba. Abin da ke kusa shi ne ƙwayoyin kasuwa. Diclofenac na kashe zafi amma ba ya tsayar da zaizayar. Dexamethasone ya fi haɗari, domin idan aka daina shi kwatsam fatar na iya ɓarkewa fiye da da.

Tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince soriyasis babbar cuta ce. Akwai magani mai sauƙin kuɗi, methotrexate, da ake sha sau ɗaya a mako, amma sai da gwajin jini da na hanta a kai a kai, kuma mai ciki ba ta shan sa. Ke nan ragin kuɗi ba zai yi aiki a nan ba sai ma'aikacin ɗakin shan magani na ƙauye ya iya haɗa ciwon fata da na yatsa, ya tura mutum gaba da wuri.

Masu aiko da kuɗi daga Libiya, Aljeriya ko Kano su ma suna da rawar takawa: jakar da za ta tafi a ƙwayoyin kasuwa, gara ta biya mota da hoton ƙashi.