Kyamara a Ɗakin Likitan Haƙori

Ga mafi yawan mutane, zuwa wurin likitan haƙori ɗan haƙuri ne na rabin sa'a. Ga yaron da ke da otizim kuwa, wanda gaɓoɓin jinsa ke ɗaukar haske da ƙara da taɓi fiye da kima, wurin yakan zama fagen azaba: fitila a tsakar ido, kukan injin goge haƙori, warin magani, ga hannun baƙo a cikin baki. Idan ya yi tirjiya sai a ce taurin kai ne, alhali ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Wanda bai ji ba bai san zafin ba.

A nan ne fim ɗin gaskiya ya yi wa rubutu zarra. A 2020 Jerry Rothwell ya fitar da The Reason I Jump, wanda ya gina kan littafin Naoki Higashida na ƙasar Japan, ya sarrafa sauti da hoto yadda mai kallo zai ɗanɗani duniya kamar yadda masu otizim ke jin ta. Irin wannan dabara ce ɗakin haƙori ke bukata, domin matsalar tana da magani. Binciken Jami'ar Kudancin Kaliforniya da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa rage hasken ɗaki, sanya kiɗa mai taushi, da lulluɓe yaro da mayafi mai ɗan nauyi suna rage firgicinsa yayin wanke haƙora. Likitan da ya ga haka da idonsa zai fi saurin sauya hali fiye da wanda ya karanta a mujalla.

Sai dai kyamara ma baƙuwa ce, tana zuwa da fitilunta da mutanenta. Mai shirya fim da ya tsaya jiran yaro ya fashe da kururuwa domin ya samu hoto mai taɓa zuciya ya ƙara wa Borno dawaki. Yardar iyaye kaɗai ba ta isa ba. Wajibi ne a nemi ta yaron ta hanyar da yake iya bayyanawa, a kuma sa manya masu otizim cikin masu yanke shawarar abin da za a nuna.

Mu manazarta Hausa muna da namu rabon. Ranar da za a fassara irin wannan fim, da wace kalma za a kira halin? Kafafen yaɗa labarai sun saba cewa "cutar galahanga", sunan da ake jibga wa lalurori mabambanta, kuma kalmar "cuta" ta riga ta yanke hukunci. Sashen Saliyo na fim ɗin Rothwell ya nuna yadda ake jingina irin waɗannan yara ga shaiɗanu, zancen da kunnen Bahaushe bai rasa saninsa ba. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'inmu su zauna da likitoci da iyaye da masu halin kansu, su fitar da kalmomin da za su bayyana bambancin ba tare da ƙasƙanci ba, tun kafin masu fassara su ɗauki wadda ta fi kusa da hannu.