Yawan Ambato A Mujallun Ilimi: Me Ɗan Kasuwar Rano Da Manomin Kibiya Suka Ƙaru Da Shi?

A 'yan shekarun nan wata sabuwar al'ada ta shigo jami'o'inmu na Arewa, wadda a nawa ganin ta cancanci mu tsaya mu yi mata kallon tsanaki. Da zarar an fitar da jerin sunayen masanan da aka fi ambaton ayyukansu a duniya, musamman wanda Farfesa John Ioannidis na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa suka fara fitarwa a 2019, sai ka ga saƙonnin taya murna sun cika gari, kowace tsangaya tana alfahari da nata gwanin. Ni ma ina taya su murna, domin kuwa wanda ya yi aiki dole a yaba masa. To amma tun da har wannan lissafi ya fara tasiri a kan ƙarin girma, da samun tallafin bincike, da kuma darajar malami a idon takwarorinsa, wajibi ne mu tambayi abin da ake ƙirgawa, musamman a fannin ilimin gudanarwa da kasuwanci, wanda tun asali an kafa shi ne domin ya gyara yadda mutane ke tafiyar da sana'o'insu da ma'aikatunsu.

Ga wanda bai saba da harkar ba, abin da ake nufi da ambato shi ne wani mai bincike ya kafa hujja da aikinka a cikin nasa rubutun. Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ne ya kawo shawarar a riƙa tattara irin waɗannan ambato a 1955, kuma babbar manufarsa a lokacin ita ce a sauƙaƙa wa mai bincike gano wanda ya yi magana a kan mas'alarsa. A 2004 aka buɗe Scopus da Google Scholar, sannan a 2005 wani masanin kimiyyar lissafi da yanayin halitta, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro ma'aunin da ake kira "h". Idan aka ce ma'aunin malami 10 ne, ana nufin yana da maƙalu 10 waɗanda aka ambaci kowace ɗaya aƙalla sau 10. Da haka aka dunƙule rayuwar mutum ta ilimi cikin lamba ɗaya.

Ko shakka babu wannan lamba tana da amfaninta, kuma duk wanda ya san yadda son kai da sanayya ke iya shiga harkar ƙarin girma ba zai raina ta ba. Lamba ba ta san ɗan wane ba, ba ta san ubangida ba. Ta kuma nuna cewa ɗan ƙauyen Kano zai iya yin aikin da za a karanta a Indiya ko Turkiyya. Misali na kusa shi ne Farfesa Shehu Usman Rano Aliyu na sashen tattalin arziki a Jami'ar Bayero, wanda ya taɓa shugabantar cibiyar nazarin harkar banki da kuɗi bisa tsarin Musulunci ta jami'ar. Maƙalarsa ta 2009 a kan tasirin girgizar farashin man fetur da hawa da saukar darajar Naira ga bunƙasar tattalin arzikin Nijeriya, wadda ya gina a kan alƙaluman 1986 zuwa 2007, tana cikin ayyukan da masu bincike a wannan fage suke yawan komawa gare su. Wannan ambato ne na halak, domin tambayar da ya yi tambaya ce ta gaske, wadda har gobe tana damun ƙasar nan.

Sai dai mu lura da abubuwa biyu da suka taimaka wa irin wannan aiki. Na farko, man fetur da canjin kuɗi batu ne da duniya baki ɗaya take magana a kai, saboda haka masu ambato suna da yawa. Na biyu, alƙaluman suna nan a ajiye a Babban Bankin Nijeriya. Yanzu mu ɗauki matashin malamin gudanarwa da yake son ya fahimci yadda hatsi ke tashi daga gonakin Kibiya da Tarai da Rurum har ya isa kasuwar Dawanau: wa ke ba da jari, wa ke ajiya har farashi ya tashi, nawa ne la'adar dillali, me ke faruwa idan bashin da aka ƙulla da baki ya maƙale. Babu wani rumbun alƙaluma da zai buɗe a kwamfuta ya samu amsa. Dole ya je ya zauna a rumfa, damina da rani, har mutane su saki jiki da shi su daina ɗaukarsa jami'in haraji. A ce ya yi shekara biyu ya fitar da maƙala ɗaya. A cikin wannan lokaci abokin aikinsa da ke ofis na gaba ya raba takardun tambayoyi ga wasu ma'aikata, ya zuba amsoshin a manhajar lissafi, ya yanka sakamakon gida biyar, kowane gida maƙala guda. Ranar da kwamitin ƙarin girma ya zauna, mun san wanda zai wuce.

Abin da ya sa ke nan idan ka duba taken maƙalu da kundayen digiri na wannan fanni sai ka ga kamar tela ɗaya ne ya ɗinka su: tasirin kaza a kan kaza, tare da rawar da kaza ke takawa a tsakani. An aro ra'in daga Amurka, an aro tambayoyin daga wani bincike na Malesiya, inda malamanmu da dama suka yi digirin digirgir da tallafin asusun TETFund, sai kawai a sauya sunan gari. Ban ce salon ba shi da amfani ba, kuma malaman ba ragwaye ba ne. Mutum ne kawai yake bin inda aka ajiye masa lada.

Alhali kuwa ƙasar Rano kaɗai ta ishi tsangaya guda aikin shekaru. Tarihin baka ya kira Kano da Rano sarakunan baba, saboda shaharar rini, kuma lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar tufafin da aka rina a ƙasar nan suna kaiwa har Tambutu. Yaya aka tsara wannan sana'a, tun daga mai noman baba zuwa mai karofi da mai bugu da fatake, kuma me ya karya ta? A zamaninmu kuma ga kamfanin A.A. Rano, wanda ya taso daga sayar da mai har ya kai ga jiragen sama na Rano Air. Ɗalibin gudanarwa a Kano zai iya zayyana maka tarihin Toyota, to me aka koya masa game da yadda kamfanin da yake shan mai a gidajensa ya girma? Ga kuma babbar cutar kasuwancinmu, wato yadda dukiyar attajiri ke tarwatsewa da zarar an raba gado, duk da cewa shari'a ba ta hana magada su ci gaba da haɗa hannun jarinsu ba. Ga ruwan madatsar Tiga da aka gama a 1974, da manoman rani na Bunkure da Kura da tumatirinsu ke ruɓewa a lokacin da ya yi yawa. Kowanne daga cikin waɗannan matsala ce ta gudanarwa tsantsa.

Wani abin takaici shi ne, manyan ayyukan da ake komawa gare su a kan kasuwancin Bahaushe yawanci baƙi ne suka yi su. Abner Cohen ya zauna a Sabon Ibadan ya rubuta yadda masu gida ke riƙe cinikin shanu da goro bisa amana, littafin ya fito a 1969. Polly Hill ta zauna a Ɓatagarawa ta fitar da nata a 1972. Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero, ya yi kundinsa na 1975 a kan sana'ar rini ta ƙasar Kano. Fiye da shekara hamsin ke nan ana ambaton ayyukan Cohen da Hill. Wato ko da ma'aunin ambaton za a bi, aikin da aka yi da haƙuri shi ke daɗewa, sai dai kwamitin da ke zama bana ba ya jiran shekara hamsin.

Sannan lambar kanta ana iya yi mata algus. A 2010 wani masani Bafaranshe, Cyril Labbé, ya ƙirƙiri malamin bogi mai suna Ike Antkare, ya sa kwamfuta ta rubuta masa maƙalu fiye da 100 na shirme suna ambaton juna, sai ga Google Scholar ya ba shi ma'auni 94, sama da na Einstein a lokacin. A 2023 kamfanin ɗab'i na Hindawi ya janye maƙalu sama da 8,000 saboda maguɗi. Akwai mujallun 'yan damfara da za su buga maka komai in dai ka biya dala, akwai kuma abin da zan kira bikin ambato: ka yi mini a maƙalarka, in rama maka a tawa, sannan a cusa sunayen mutum bakwai a aikin mutum ɗaya. Su kansu Turawan sun farga. Warren Bennis da James O'Toole sun yi kuka a 2005 cewa makarantun kasuwanci na Amurka sun koma rubuta wa junansu, sun manta da masu gudanar da kamfanoni. A 2012 kuma masana suka haɗu a San Francisco suka yi matsaya cewa a daina auna mutum da darajar mujallar da ya yi rubutu a ciki, a koma duba aikin kansa.

Mu kuwa ba baƙi ba ne a harkar ambato. Malam Abdullahi na Gwandu littafi guda ya wallafa don kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki ilimi a wurinsu, kuma malaman hadisi tun ƙarnonin farko sun san cewa yawan masu ruwaya ba ya wadatarwa sai an binciki amanar kowannensu. A zaure, idan aka ce wane malami ne, to an ji karatunsa ne, an kuma ga almajiransa.

Saboda haka ina kira ga majalisun jami'o'inmu da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da su bar lambar a matsayin shaida ɗaya daga cikin shaidu. Mai neman kujerar farfesa a fannin gudanarwa ya zaɓi ayyukansa uku ko biyar da ya fi alfahari da su, masu tantancewa su karanta su daga farko har ƙarshe, su rubuta abin da kowanne ya ƙara wa sani. Cikakken nazari a kan wani kamfani na gida ko wata kasuwa a ba shi maki daidai da maƙalar mujalla. Duk binciken da aka yi da kuɗin TETFund, wanda harajin kamfanonin ƙasar nan ne, a wajabta masa taƙaitawa cikin harshen mutanen da aka yi binciken a kansu, a kai musu, a karanta a rediyo. Wurin farawa ma yana nan: Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano tana da makarantar fasahar karkara da koyar da sana'o'i a cikin garin Rano. Idan ta haɗa kai da sassan gudanarwa na jami'o'in Kano, ɗalibanta suka riƙa rubuta farashi da la'ada da kuɗin mota a kowace ranar kasuwa a Rano da Kibiya, cikin shekara biyar za a samu alƙaluman da mai bincike zai dogara da su, su kuma shugabannin kasuwa su samu abin riƙewa a hannu idan sun je neman rance ko gyaran hanya.