Lissafin Cefane Daga Rumbu Yake Farawa

Ya ku 'yan'uwa manoma na Balan da sauran ƙauyukan ƙasar Gaya da Ajingi, akwai wata tambaya da ya kamata kowane maigida ya iya amsawa ba tare da ya sosa ƙeya ba. Tambayar ita ce: kwano nawa na hatsi gidanka yake ci a wata? Da yawa cikinmu mun san kuɗin buhun taki, mun san farashin ɗan akuya a kasuwar Wudil, amma wannan kam ba mu sani ba. A ganina rashin sanin nan yana cikin manyan dalilan da ke sa gidan da ya noma abin da zai ishe shi shekara ya koma awo da cin bashi tun gero bai fid da kai ba.

Abin da ya sa maganar ta zama dole

Dattawa ba su manta da ƙarin albashin Udoji na 1974 ba. Kuɗi ya shiga hannun ma'aikata, nan da nan kaya suka yi tsada a kasuwa, manomi kuwa bai sami ƙarin ko kwabo ba. Irin wannan ya sake faruwa a idonmu. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Kuɗin mota ya tashi, kuɗin niƙa ya tashi. Manja da ake ɗaukowa daga kudu da gishiri da sabulu duka suka bi sahu, gama a mota suke zuwa. A watan Yuni 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce farashin abinci ya ƙaru da fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara guda. Watau cefanen naira 1,000 ya koma na 1,400 ko fiye. A watan Yuli na shekarar aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma wannan na masu albashi ne.

Ba mu da iko a kan farashin fetur. Abin da ke hannunmu shi ne ƙofar rumbu da aljihun riga.

"Ni ba ma'aikaci ba ne"

Wani zai ce lissafin wata na malaman makaranta ne da ma'aikatan ƙaramar hukuma, shi manomi ba shi da ƙarshen wata. To, ɗan'uwa, kai ma kana da albashi, sai dai sau ɗaya ake biyanka a shekara, da kaka. Ma'aikaci in ya yi ɓarna, wahalarsa ta mako biyu ce ko uku. Kai in ka yi ɓarna da kaka, sai wata kakar za ka farfaɗo. Saboda haka kai ka fi shi bukatar lissafi.

Ga yadda ake yi. A ce ku takwas ne a gida, manya da yara, kuna cin kwano ɗaya da rabi a yini, tuwo da kunu da fura. A wata kwano 45 ke nan. A wata 12 kwano 540. Babban buhu kan ɗauki wajen kwano 40, ashe kuna bukatar buhu 13 da rabi. Ka ƙara na baƙi da suna da abincin 'yan gayya da kyauta ga dangi, sai ka ce buhu 15. In a dami kake ajiya, ka sa a sussuke dami ɗaya a auna, ka san kwano nawa yake bayarwa, sa'an nan ka ƙirga dammanka. Na gidanka zai iya fi ko ya kasa haka. Kada ka yi kintace. A auna abin da ake fitarwa kwana bakwai a jere, za ka ga gaskiyar gidanka.

Wannan kason na ci ne, ba a kai shi kasuwa. Ka ware iri ma dabam. Abin da ya saura, da gyada da riɗi da rarar wake, su ne za su kawo kuɗin cefane da sutura da magani da littattafan yara.

Mun san abin da ke faruwa kowace shekara. Da kaka kowa yana sayarwa, hatsi ya yi araha, 'yan kasuwa su kwashe su kai Dawanau. Da damina ta yi nisa, rumbu ya yi ƙasa, sai mu bi hatsin nan da tsada kwano kwano, ga kuɗin taki ga na ƙwadago duk a lokaci guda. Ku tuna kuma da farkon 2023, sa'ad da aka canja takardun naira, tsabar kuɗi ta ɓace. Mai kuɗi a banki ya yi ta layi, mai hatsi a rumbu kuwa gidansa bai kwana da yunwa ba.

Amma a kula. Ban ce a ci bashi a sayi hatsi a ɓoye don jiran tsada ba. A 2025 farashin masara da sauran hatsi ya faɗi ƙwarai, waɗanda suka tara don riba da yawa sun yi asara. Ajiyar ci dabam take da ta ciniki. Ko farashi ya hau ko ya sauka, buhun da ka ajiye domin 'ya'yanka zai cika musu ciki daidai wa daida.

Kuɗin cefane

Hatsi ba ya ciwuwa sai da miya. A nan ne kuɗi ke zurarewa ba a sani ba: yau Maggi, gobe manja na ɗan ƙulli, jibi sukari da ganyen shayi. Sayen ƙulli ƙulli ya fi kowane saye tsada, gama kowane ƙulli da ribarsa a kai.

A ce abin da za ka iya fitarwa a wata naira 30,000 ne. Ka raba shi tun ranar farko. Kowane mako 7,000, mako huɗu 28,000, sauran 2,000 a ajiye domin kwanakin da suka ragu da abin da ba a zata ba. Abin da ba ya lalacewa, kamar gishiri da mai da sabulu da ashana, a saye shi ran kasuwa a Gaya ko Kademi, na mako biyu ko na wata. In kuɗinka bai kai ba, ku haɗu gida uku ko huɗu ku sayi jarkar mai ko buhun gishiri ku raba. A sami littafin rubutu na 'yan makaranta, yaro ɗan firamare ya riƙa rubuta abin da aka kashe kowace yamma. Bayan wata guda za ka ga inda ramin yake. Wataƙila a goro yake da katin waya da shayin safe a bakin tasha, ba a tukunya ba.

Rabin kayan miya kuwa ƙasarmu tana bayarwa. Kuɓewa da yakuwa da kabewa da barkono suna yi a bayan gida. A shanya kuɓewa da kuka da lalo a lokacinsu. Da rani, sa'ad da tumatirin Kadawa ya cika kasuwa, a yanka a shanya domin damina. Bishiyar zogale biyu a tsakar gida ta rage cefane. Daddawa kuma ta riga dunƙulen kanti zuwa tukunya, tana kuma gina jiki.

Uwargida ita ce ma'aji

Kai maigida, ba za ka iya wannan lissafi kai kaɗai ba. Uwargida ce ta san kwana nawa kwalbar mai take yi. Akwai magidantan da har yanzu suke miƙa kuɗin cefane irin na shekara uku da suka wuce, sa'an nan su yi faɗa miya ba daɗi. Ita kuwa tana cikawa a ɓoye da ribar ƙuli-ƙuli da ƙosai da zubin adashinta, har jarin ya ƙare. Wannan ba adalci ba ne. Kuɗin sana'arta nata ne. In ta taimaka, alheri ta yi, a gode mata. Ku zauna tare farkon wata ku tsara. In mata sun fi ɗaya, a auna wa kowace ranar girkinta a fili, gori da zargi su ragu.

Ke ma uwargida, ki auna da kwano, kada ki ɗiba da ido. Tuwon da ya kwana a ɗumama, kada a zubar.

Kada ƙwari su ci rabonka

Lissafi ba shi da amfani in ƙwari da ɓeraye suna ci tare da ku. A gyara rumbu kafin kaka, a share tsohon hatsi, a toshe ramuka. Hatsi ya bushe sarai kafin a ajiye. Domin wake akwai buhun PICS mai ciki uku, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. In an ɗaure shi tam iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu ba tare da magani ba. Jarka ko duro mai murfi ma suna yin aikin, in an cika su an rufe sosai. Kada a zuba maganin feshi a cikin abin da za a ci. Saboda irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015, mu kuwa 'ya'yanmu ne suke ci. Malamin gona na KNARDA zai ƙara muku bayani.

Ko lissafi rowa ne?

Za a ce mai auna tuwo marowaci ne, baƙo kuma da rabonsa yake zuwa. Lalle kyauta halinmu ne, ba ma so mu rabu da ita. Shi ya sa muka sa kason baƙi cikin lissafin tun farko. Wanda ya yi wa rumbunsa tsari shi ne yake da abin bai wa maƙwabci a watan Agusta. Wanda ya watsar da kaka, lokacin nan shi ma roƙo yake yi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma bashin da za a biya da hatsin gona tun ba a girbe ba, cin abincin baɗi ne a bana.

To, 'yan'uwa, tun ran gini tun ran zane. Kafin ka kai kwano ɗaya kasuwa da kakar nan, ka kira uwargida, ku auna, ku ƙirga, ku ware na ci ku rufe. Sa'an nan ka tafi kasuwa da abin da ya saura.