Kujerar Tasker: Mazaɓa ɗaya da ta bambanta a Damagaram

Mu tuna: a zaɓukan majalisar dokoki na baya, jihar Damagaram dunƙule take, daga Magarya har Tanut, jerin sunayen jam'iyya muke jefa wa ƙuri'a. Tasker kaɗai aka ware wa kujera guda ta musamman, don kada yawanmu ya danne makiyayan arewa. Nan Mohamed Bazoum ya fara zama ɗan majalisa a 1993, shekarar da Mahamane Ousmane ya ci shugabancin ƙasa. A 2021 kuma su biyun suka kara a zagaye na biyu.

Yau ba majalisar tun juyin mulkin 2023, jam'iyyu ma an rusa su a 2025. Ranar da za a sake shata mazaɓu, mu sa ido: ƙauyenmu zai san wakilinsa? Tasker za ta riƙe kujerarta?