Salula ta zama ofishin matafiyi, amma wa ke riƙe da mabuɗin?

Shekaru 30 da suka wuce, alhajin Maraɗi mai fatauci zuwa Kano ko Kwatano ba ya kama hanya sai ya bar mutum uku a bayansa: malamin da ke riƙe masa littafin bashi, da yaron da ke kai takarda tasha a ba direba, da ɗan uwan da ke zaman jiran tarho a gidan waya. Yau waɗannan ayyuka uku sun taru cikin salula guda wadda ke aljihun rigarsa. Haka ma ma'aikacin da aka tura aiki Tanut ko Dakoro ko Abalak, ofishinsa na biye da shi duk inda ya sauka, musamman tun annobar korona ta 2020 da ta koya wa ma'aikatu yin taro daga nesa. Wannan ci gaba ne, babu mai musu. Sai dai tambayar da ta kamaci ɗan kasuwa da ma'aikaci ita ce: cikin tarin manhajojin da ake yi musu talla, wace ce za ta tsaya musu ranar da rezo ya ɗauke?

Tambayar na da dalili, domin ƙasar nan ta ɗanɗana. A ranar 24 ga Fabrairu 2021, bayan bayyana sakamakon zaɓen shugaban ƙasa zagaye na biyu, an katse intanet ta salula har kusan kwana 10. Mai kayan da ke tashar jirgin ruwa, da mai jiran hoton rasit, da mai tallar atamfa a WhatsApp, duk suka wayi gari hannu rabbana. A watan Agusta 2023 kuma, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke sha, ba a ɗage takunkumin ba sai Fabrairu 2024. Ko babu rikicin siyasa, duk wanda ya bi hanyar Yamai zuwa Damagaram, mai tsawon kilomita kusan 900, ya san wuraren da waya ke zama dutse a hannu. Ke nan manhajar kirki ga matafiyin Nijar ita ce wadda ba ta cin mega da yawa, ba ta shanye batir, kuma tana yin wani abu ko babu intanet. Da wannan ma'auni ya dace a auna kowace.

A fara da kuɗi, tunda su ne jinin fatauci. Airtel Money da Moov Money da Zamani Cash na aiki ta hanyar danna lambobi masu tauraro, ba sai da intanet ba, har a ƙaramar waya mai maɓalli. Gidajen aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza sun shiga garuruwan da banki bai taɓa buɗe reshe ba, kuma manhaja irin MyNita ta rage wa mutane bin layi a bakin kanta. Mai hankali na riƙe hanyoyi biyu, ɗaya mai buƙatar intanet, ɗaya marar buƙata. Mai tsallaka iyaka ta Ɗan Isa ko Birnin Kwanni ko Magarya kuwa, ya sani cewa tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, kasuwannin Kano da Katsina da Sakkwato sun rungumi OPay da PalmPay da Moniepoint. Asusun sefa ba ya magana da asusun naira kai tsaye, shi ya sa ɗan canji bai rasa gurbinsa ba.

Nan ne manhajar lissafin canji irin XE ke da amfani, kuma nan ne take yaudarar marar lura. Sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655,957 kan yuro guda, amma naira ta sha hawa da sauka tun da aka sake ta a watan Yuni 2023, har ta tashi daga kimanin 460 kan dala guda ta haura 1.500 a farkon 2024. Farashin da manhaja ke nunawa na manyan kasuwannin kuɗi ne, ɗan canjin bakin iyaka yana da nasa. Amfaninta shi ne ta nuna wa mutum inda iska ta dosa kafin ya buɗe baki, domin wanda ya yi ciniki da farashin makon jiya ya ci riba a takarda, ya yi asara a aljihu.

Sai maganar sadarwa. WhatsApp ta ci kasuwa ne saboda saƙon murya, wanda ya daidaita mai boko da wanda bai shiga lakol ba. Nau'inta na ƴan kasuwa, WhatsApp Business, yana ba mutum damar jera hotunan kayansa da farashinsu, ya ware abokan ciniki da suka biya da waɗanda ake bi bashi. Amma saƙon murya ba yarjejeniya ba ne. Ranar da gardama ta tashi kan buhu 200 na albasa ko na wake, wa zai zauna ya saurari saƙo ɗari yana neman inda aka ambaci farashi? Duk cinikin da aka ƙulla da baki ya cancanci a bi shi da rubutu na layi biyu mai ɗauke da adadi da farashi da ranar biya, a kuma ɗauki hoton rasit da takardun duwan da manhaja irin Adobe Scan ko CamScanner, a ajiye kwafinsu wani wuri dabam.

Masu zuwa nesa suna da nasu darasi. A ƙasar Sin an toshe WhatsApp da Google, mai zuwa sari Gwanzu dole ya sauke WeChat tun yana gida. A Dubai saƙon WhatsApp na tafiya amma kiran murya ba ya shiga, shi ya sa baƙi ke komawa ga Botim. Google Translate, wadda aka sa wa Hausa tun 2013, tana karanta rubutun kwali ta kyamara, kuma ana iya sauke wasu harsuna cikin waya domin amfani babu intanet, ko da yake fassararta ta Hausa ba abin dogaro ba ce wajen sa hannu a takarda. Google Maps ma na yarda a sauke taswirar birni tun kafin tashi. Duk waɗannan shirye-shirye a gida ake yin su, inda rezo ke da ƙarfi. Hausawa sun riga sun faɗa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ma'aikacin gwamnati ko na furoje shi ma yana da kayan aikinsa. Google Docs na barin mutum ya rubuta rahoto babu intanet, ya hau da kansa idan rezo ya dawo. KoboCollect, da masu ƙidaya da ma'aikatan agaji ke amfani da ita, tana tattara bayanai a ƙauye a tura su daga baya. Zoom da Google Meet na rage kuɗin man fetur da na kwanan hanya, in an kashe hoto an bar murya. Abin takaicin shi ne yadda takardun hukuma, har da jerin albashi da takardun kwangila, ke yawo a zaurukan WhatsApp na ma'aikata, daga wayar wannan zuwa ta wancan. Ƙasar da ta kafa dokar kare bayanan jama'a tun 2017 ba ta da hujjar barin asirin ofisoshinta a wayoyin da yara ke wasa da su da dare.

Haɗari mafi kusa kuwa shi ne ɓarawo. A da sai ya fasa kanti, yanzu kira guda ya ishe shi: ya ce shi ma'aikacin kamfanin waya ne, ya nemi lamba 6 da aka aiko ta saƙo, ya ƙwace WhatsApp ɗin alhaji, ya shiga roƙon abokan cinikinsa kuɗi da sunansa. Abin da aka sace a nan sunan mutum ne, wanda ya fi jarinsa tsada. Maganin ba ya cin ko dala: a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a sa wa waya makulli, kada a faɗa wa kowa lambar sirri ko da ya rantse. Littafin bashi na takarda kuma kada a jefar da shi, domin waya na faɗawa ruwa, ana kuma fizge ta a tasha.

Wannan rabon ɗan kasuwa ne da ma'aikaci. Sauran nauyin yana wuyan hukuma. Hukumar ARCEP ce aka ɗora wa sa ido kan kamfanonin waya, kuma mai sayen mega yana da haƙƙin ya ga an tilasta musu rufe gurabun da ke kan manyan hanyoyi da kasuwannin ƙauye. Yarjejeniyar da Nijar da Mali da Burkina Faso suka sa wa hannu a Nuwamba 2024 domin soke ƙarin kuɗin kira tsakaninsu mataki ne mai kyau, amma fataucin Maraɗi da Damagaram da Tawa kudu ya fi dosa, kuma a can ne matafiyi ke canja layi duk tsallakawa. Shigowar Starlink a 2025 ta buɗe ƙofa ga manyan ƴan kasuwa da ma'aikatu, amma kuɗin na'urarta ya fi ƙarfin mai tebur.

Sama da duka, ya kamata kowace gwamnati, ta farar hula ko ta soja, ta gane cewa katse intanet daidai yake da rufe babbar kasuwa da makulli. Wanda ya yanke rezo domin ya toshe bakin masu zanga-zanga ya haɗa da mai sayar da kilishi da dillalin shanu da akawun da ke jiran aika rahoto, alhali ba su jefi kowa ba. Waɗannan mutane suna biyan patanti, suna biyan duwan, suna biyan haraji a kan kowane katin waya da suka kankare. Matafiyi zai shirya gorarsa tun a gida, wannan nauyinsa ne. Hukumar da ke karɓar harajinsa kuma ta bar masa rijiyar a buɗe.