Dariya Ta Halatta, Hawaye Ya Haramta?

A shekarar 2020 Ibrahim Mursal ya fitar da fim mai suna The Art of Sin a kan Ahmed Umar, mai zane ɗan Sudan, wanda ya sami mafaka a ƙasar Norway a 2008, sa'an nan a 2015 ya bayyana a Facebook cewa zuciyarsa ga maza take karkata. Aka yi masa ruwan zagi da barazana, amma duk da haka ya koma Sudan don ya ga mahaifiyarsa, alhali kuwa sashe na 148 na dokar laifuffuka ta 1991 ya tanadi bulala a kan luwaɗi, har da kisa ga wanda aka kama karo na uku. Sai a watan Yuli na 2020 gwamnatin riƙon ƙwarya a Khartum ta cire bulalar da kisan, ta bar ɗauri.

Ra'ayin da ya rinjaya, tun daga Umdurman har Kano, shi ne duk fim ɗin da ya nuna irin wannan mutum yana kuka, ko yana ƙaunar wani, ko yana samun sauƙin mikin da ke ransa, to da'awa ce zuwa ga alfasha, kallonsa kuma tarayya ne cikin zunubi. Ni dai ban ga hujja a cikin wannan magana ba. Hukuncin mas'alar sananne ne, fuƙaha'un Malikiyya, waɗanda mu da mutanen Sudan muke karanta littattafansu, sun riga sun rubuta shi, kuma babu majigin da zai kankare harafi ɗaya daga Risala ko Muhtasar. Abin da muke gudu, in za mu faɗi gaskiya, shi ne a tuna mana cewa wanda muke la'anta ɗan Adam ne, yana da uwar da ta goya shi, wadda har yanzu ba ta barci in ta tuna shi.

Shekara da shekaru ɗan daudu yana fitowa a finafinanmu na Hausa, ya ɗaura zane a ƙirji, ya karya murya, ya tafa hannu a gaban tukunyar abinci, mu kuwa da iyalanmu muna ƙyaƙyatawa har da riƙe ciki, ba tare da mun tuna cewa Suratul Hujurat ta haramta izgili da tajassusi da nassi bayyananne ba. Muddin abin dariya ne, ya sami wurin zama a falonmu. Ranar da aka ba shi suna da uwa da hawaye, sai a tashi da kururuwar fasadi, a ce a shafe shi daga allo ɗungurungum.

To, Sudan ta riga ta gwada shafewar. Bayan juyin mulkin Umar al-Bashir a 1989 gidajen sinima suka mutu ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda ya kalli Talking About Trees na Suhaib Gasmelbari, wanda ya ci kyauta a Berlin a 2019, ya ga dattawa huɗu, cikinsu har da Ibrahim Shaddad, suna share ƙurar Sinimar Thawra a Umdurman, gidan da ba shi da rufi sai sararin samaniya, suna kai da komowa ofisoshin hukuma neman izinin da bai taɓa fitowa ba. Shekara 30 allo yana duhu. A cikin wannan zamani Ahmed Umar, wanda aka haifa a 1988, ya girma, wani ɓangare na ƙuruciyarsa ma a Makka ya yi shi. Wane fim ne ya koya masa abin da ke zuciyarsa? Abin da shirun ya haifar kawai shi ne samari masu ɓoye ciwonsu har ya ruɓe, kowane yana zaton shi kaɗai Allah ya jarraba, ba malamin da zai tunkara, ba ɗan'uwan da zai amince wa.

Don haka nake kira ga marubutanmu su rubuta wannan mutum yadda yake, da sallarsa da tsoronsa da wanda yake so, su nuna yadda rahamar uwa ko ta aboki take hana shi halaka kansa. Masu tace finafinai kuma, a Khartum ne ko a Kano, su karanta labarin har ƙarshe kafin su sa hannu a takardar hani.